Karen gadi ya fara ɗingishi da sanyin nan, a ba shi maganin kyamis?

Baban Sadik: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da kare Jaman Shefad, shekararsa tara, tun yana ɗan kwikwiyo yake hannuna. Tunda hunturun bana ya kama, in ya kwana ba ya iya miƙewa da safe sai da ƙyar. Sai ya fara ɗaga ƙirji, ya daɗe a haka, sannan ya jawo ƙafafun baya. In ya ɗan zagaya gida sai ya warware. Da can in na dawo da mota tun daga get yake tsalle, yanzu daga kwance yake kaɗa min jela. Maigadina ya ce sanyin ƙashi ne, in ba shi daiklofenak irin wanda shi ma yake sha. Don Allah masu sani a taimaka.

Auwalu Mai Tattabara: Wa alaikumus salam. Tsufa ne kawai Alhaji. Kare mai shekara tara ai dattijo ne. Ka jefa masa Panadol biyu cikin tuwo, ka ƙyale shi.

Maman Ilham: Ni ma ina bin wannan magana da kyau, domin magena ta daina hawa saman firij inda take kwana da. Ko ita ma in ba ta rabin Panadol ɗin?

Dakta Hauwa: Maman Ilham, don girman Allah ki dakata. Kada ki ba ta ko ɓantare. Bari in fara da wannan kafin in koma kan karen Alhaji, domin shi ne mai gaggawa. Farasitamol, wato Panadol, guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Hantar mutum tana da hanyar da take sarrafa maganin ta fitar da shi, hantar kyanwa kuwa ba ta da isasshen sinadarin da ke wannan aiki. Sai maganin ya lalata jajayen ƙwayoyin jini, su kasa ɗaukar iska. Za ki ga fuska da tafin ƙafa sun kumbura, tana haki, dasashinta ya koma ruwan ƙasa maimakon ja-ja. Yawancin waɗanda ake kawo mana a wannan hali an riga an makara. Kare yana ɗan iya jure shi, har akwai lokacin da likita yake rubuta shi da awo, amma ba "biyu cikin tuwo" ba, Malam Auwalu.

Maman Ilham: Innalillahi. Wallahi har na ɓallo shi daga kati. Allah ya saka da alheri Dakta.

Dakta Hauwa: Alhaji, abin da kuka kwatanta ya yi kama da amosanin gaɓɓai sosai: taurin jiki bayan kwanciya, warwarewa in an motsa, tsananta lokacin sanyi. A bakin kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. In ya cinye, gaɓar ta kumbura, ƙashi ya fara tsiro a gefe, naman cinya ya rame saboda kare yana kaffa-kaffa da ƙafar. Jaman Shefad kuma an san su da matsalar ƙugu ta gado, kan ƙashin cinya ba ya zama daram cikin kwaskonsa, sai ya yi ta wasa har ya cinye wurin. Amma ba zan yanke hukunci daga waya ba, don irin wannan kare yana da ciwon laka da ke kashe ƙafafun baya a hankali ba tare da zafi ba, akwai kuma tsinkewar jijiyar gwiwa, akwai cutar kaska. Sai an taɓa shi, in da hali a ɗauki hoton ƙashi. Daiklofenak da ibufrofen na mutane kuwa, a'a. Suna huda cikin kare, suna taɓa ƙoda. Alamar farko ƙin cin abinci, sai amai, sai kashi baƙi wuluk.

Baba Ɗan Farauta: Ni dai ina jin ku. Tun ina saurayi nake bin daji da karnuka, ban taɓa kai kare asibiti a kan ƙafa ba. Wannan cuta ta karnukan Turawa ce da ake ɗaure su a gida ana ɗura musu shinkafa da kaji. Namu na gida in ya yi ɗingishi a gasa masa wurin da ruwan zafi, a shafa man kaɗanya, in ya ƙi a yi masa lalas, gobe yana gaban zomo.

Dakta Hauwa: Baba, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarku gaskiya ce, ba kuma ƙaramar gaskiya ba. Karen gida ba shi da nauyi, ƙirarsa siririya ce, kullum yana tafe, ba a kuma yi ta haɗa shi da danginsa don neman wata siffa ba. Shi ya sa matsalar ƙugu ba ta cika damunsa ba. Amma gaɓar da ta taɓa targaɗe ko karaya ko tunkuyin gwanki da bugun icce, ita ma tana kamuwa in shekaru sun ja. Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa, ban hana ba. Lalas ne ban yarda da shi ba. Ƙona fata ba ya kaiwa ga guringuntsi, ƙari ne kawai aka yi masa, ga ciwon ciki ga gyambon waje da ƙuda za su bi.

Baba Ɗan Farauta: To 'yata, me ya sa in an yi suke tashi?

Dakta Hauwa: Saboda bayan lalas kuna barinsa a gida ya kwanta har ƙunar ta warke, Baba. Hutun nan ne ya yi aikin.

Baba Ɗan Farauta: Hmm. Ban ce na yarda ba, amma na ji.

Bashir Injiniya: Ni tsakani da Allah abin nan mamaki yake ba ni. Mutane na kwance a gida ba kuɗin Panadol, mu muna nan muna maganar hoton ƙashin kare. Dabbar da ma najasa ce.

Malam Sani na Islamiyya: Malam Bashir, a yi hattara da wannan. Hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa, yana cikin Bukhari da Muslim. Haka na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kiwon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona ya zo a hadisi, farauta da dabbar da aka horar kuma tana cikin Suratul Ma'ida. A mazhabar Malikiyya da muke bi ma, kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa. Wanda ya ajiye dabba shekara tara tana masa gadi, haƙƙinta yana wuyansa. Taimakon mutane kuma babu wanda ya hana Alhaji, ba mu san abin da yake yi a ɓoye ba.

Bashir Injiniya: Na ji Malam, amma dai kowa ya san abin da ya fi.

Shugaban zaure: Jama'a a dawo kan tambaya. Wanda yake son wancan zancen ya buɗe nasa.

Baban Sadik: Na gode Malam. Dakta, in an kai shi asibitin, me ake ba su? Ina tambaya ne don in san abin da zan tarar, kada a rubuto min abin da ya fi ƙarfina.

Dakta Hauwa: Kafin magani, ina da tambaya uku. A ina yake kwana, me yake ci, kuma in kuka shafa gefen ƙirjinsa kuna jin haƙarƙari?

Baban Sadik: A baranda yake kwana, kan tayil. Abinci kuwa duk abin da ya rage a gida, shinkafa, taliya, tuwo, romo, ga ƙashi da kitse daga wajen mahauta. Haƙarƙari yanzu na je na taɓa, sai na danna sosai nake jin su. Mu da muna murna ya yi kyau.

Dakta Hauwa: To Alhaji, maganin da ya fi kowanne ƙarfi yana gidanku, kuma kyauta ne. Kare mai daidai jiki, in ka shafa gefensa za ka ji haƙarƙari kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka, in ka kalle shi daga sama kuma ka ga ƙugu ya ɗan shiga. Akwai wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2002. An ɗauki karnuka 48 irin Labrado tun suna 'yan kwikwiyo, aka haɗa su bibbiyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya ana ba shi abinci, ɗayan ana rage masa kashi 25 cikin 100 na abin da ɗan'uwansa ya ci, har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa sun kai kimanin shekara 13, sauran kuwa 11 da ɗan kai, kuma sun yi kusan shekara uku kafin su buƙaci maganin gaɓɓai bayan 'yan'uwansu sun fara sha. Ko karen da ya riga ya kamu, in ya sauke kashi 6 zuwa 9 cikin 100 na nauyinsa ana ganin ɗingishin ya ragu. Karen kilo 40 ke nan ya sauke kilo uku. Ku cire kitsen mahauta gaba ɗaya, ku rage shinkafa da taliya, ku riƙa aunawa da kwano ɗaya kullum, mutum ɗaya ne kuma zai riƙa ba shi. In kowa a gida yana jefa masa, ba za a ga komai ba. Romon miya ma a lura, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da kyanwa.

Mama Rifkatu: Dakta ta faɗi gaskiya, sai dai ba ta kai kan maganar tayil ba. Mu nan Jos kun san sanyinmu. Tsohuwar karyarmu in za ta tashi a kan tayil ƙafafunta sai su baje, ta zame, ta sake gwadawa, har ta fara tsoron tashi ta riƙa fitsari a kwance. Mijina ya samo katako ya ɗora a kan bulo ɗaya, muka sa tsohuwar katifar yara, muka rufe da buhu don a iya wankewa. Daga wurin kwananta zuwa ƙofa muka shimfiɗa ragowar kafet. Muka yanke mata farce, don sun yi tsawo har sun lanƙwashe suna hana tafin zama ƙasa. Ba mu kashe ko sisi ba, kuma bambancin ba kaɗan ba ne.

Dakta Hauwa: Mama kin gama magana. Abin da zan ƙara shi ne tafiya. Kada a ce yana ciwo a bar shi kwance ko a ɗaure da sarƙa yini guda, gaɓar ƙara sandarewa take yi, nama ya zube. A riƙa zagayawa da shi a hankali minti goma ko sha biyar, safe in rana ta ɗan ɗaga da kuma yamma, kullum, a kan ƙasa ko yashi. Abin da ba a so shi ne a bar shi sati guda sannan ranar Lahadi yara su sa shi gudu da tsalle. In washegari ya tashi ya fi jiya tauri, an yi masa yawa, sai a rage.

Maganin asibiti kuwa, wanda aka fi samu a wajenmu shi ne meloksikam, wani lokaci karfrofen. Dangin daiklofenak ne amma an gwada su a jikin kare an san awonsu. Tsohon kare ya kamata a duba jininsa a ga lafiyar ƙoda da hanta kafin a ɗora shi a kai. Ana ba shi da abinci, in ya yi amai ko zawo ko ya ƙi ci sai a tsaya a kira likita.

Auwalu Mai Tattabara: Ai meloksikam akwai shi a kyamis, mahaifiyata tana sha. Sai a saya kawai a huta da kuɗin ganin likita.

Dakta Hauwa: Na mutane ƙwayar miligiram 7.5 ce ko 15. Karen kilo 30, abin da yake buƙata a yini bai kai rabin ƙaramar ba. Ka ga in ka ba shi guda kullum ka ninka masa fiye da biyu, in babbar ce kuma ka ninka biyar. Ga wani abin da ya fi wannan yawa a wajenmu: mai allurar shanu ya zo ya yi wa kare deksa, wato allurar deksametason ta rage kumburi, mai gida kuma ya ƙara da maganin zafi. Haɗa waɗannan biyun shi ne hanya mafi sauri ta huda cikin kare. Duk wanda zai kai dabbarsa asibiti ya faɗi duk abin da aka riga aka ba ta, ba faɗa za mu yi ba.

Baba Ɗan Farauta: Yaran yanzu da muke fita da su har tiramol suke ba karnuka wai don kada su gaji. Ni na hana a tawagata.

Dakta Hauwa: Kun kyauta Baba. Bayan doka ta hana yawo da shi, ko amfanin ma babu. A wani bincike da aka buga a 2018 an gwada shi a Jami'ar Jojiya ta Amurka a kan karnuka masu amosanin gwiwa da gwiwar hannu, aka kwatanta da karfrofen da kuma ƙwayar da babu magani a ciki. Karfrofen ya yi aiki, tiramol bai fi ƙwayar banza ba.

Isufu na Maraɗi: Daiklofenak ɗin nan ba shi ne aka ce ya ƙarar da ungulu a Indiya ba?

Dakta Hauwa: Shi ne. Ana yi wa shanu allurarsa, in sun mutu ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in suka ƙare, har gwamnatin Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, aka koma meloksikam.

Hajiya Ummi Kayan Lafiya: Assalamu alaikum. Ina da ingantaccen maganin gaɓɓai daga waje, gulukosamin da kurkum, mutum da dabba duk suna sha, yana dawo da guringuntsi sabo fil cikin sati biyu. Mai so ya yi min magana ta gefe.

Shugaban zaure: Hajiya, ba a talla a nan. Na bar saƙon ne kawai don Dakta ta ce wani abu a kai.

Dakta Hauwa: Hajiya ki yi haƙuri, babu abin sha da ke dawo da guringuntsin da ya cinye, ba a sati biyu ba, ba a shekara biyu ba. Gulukosamin ba ya cika cutarwa, amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka da kyanwoyi ba a ga wani tasirin kirki ba. Wanda ya fi samun shaida shi ne man kifi mai omega-3, shi ma taimako ne, ba ya maye gurbin rage ƙiba. A kuma bambanta shi da man hantar kifi da ake ba yara, wancan yana da bitamin A da D da yawa, in aka daɗe ana ɗurawa yana taruwa a jiki.

Maman Ilham: Dakta a dawo kaina don Allah. Tawa ba ta ɗingishi ko kaɗan. Shekararta ta kai sha uku. Abin da na gani, ta daina hawa sama, gashin bayanta ya cukurkuɗe, in yara suka ɗauke ta sai ta yi musu gurnani, ita da da ake goya ta da zani. Kwanan nan kuma ta fara kashi a bayan kujera, har maigidan ya ce a kai ta kasuwa a yar.

Isufu na Maraɗi: Hajiya kar ki yarda a yadda ta. Mussar tsohuwarmu haka ta yi, aka ce iskanci ne, ashe ba ta iya haura bahon da aka zuba mata rairai.

Dakta Hauwa: Malam Isufu ya gano. Kyanwa ba ta cika ɗingishi ba, domin ciwon yakan kama ɓangare biyu lokaci ɗaya, ga ta kuma da ɓoye rauni. Abin da take yi shi ne ta daina abubuwa. Ta daina tsalle, ko ta riƙa tsayawa tana auna wurin kafin ta yi, ko ta bi ta kujera sannan tebur maimakon tashi ɗaya. Gashin baya ya cukurkuɗe saboda ba ta iya lanƙwasawa ta lashe. Farce ya yi kauri har ya shige tafi. A wani bincike na 2002 a Amurka an duba hotunan ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, aka samu alamar lalacewar gaɓɓai a jikin 90. Don haka taki ba baƙon abu ba ne. Ki samo faranti mai faɗi marar baki ko ki yanke gefe ɗaya na roba ya yi ƙasa, ki zuba yashi, ki ajiye kusa da inda take kwana. Ki sa mata kwali da tsumma a wuri mai ɗumi, ki ajiye ɗan benci ta riƙa takawa zuwa inda take so, ki taje ta a hankali, ki kuma ja wa yara kunne su bar ɗaukarta. Me kike ba ta?

Maman Ilham: Hanta ta fi so. Kusan kullum sai na sayo mata ta ɗari biyu wajen mai nama.

Dakta Hauwa: To wannan ma sai an duba. Hanta cike take da bitamin A, kyanwar da ta daɗe tana cin ta kullum ƙashin wuyanta da na baya yakan yi tsiro ya manne, har ta kasa juya kai. Yana kama da amosani ƙwarai. Ki mayar da hanta ɗan yanki sau ɗaya a sati, sauran kifi dafaffe da nama da ƙwai, ko abincin kyanwa na leda in da hali. Ki faɗa wa likitan da zai gan ta maganar hantar. Kada kuma ki shafa mata man zafi ko wanne iri, lashewa za ta yi. Meloksikam akwai na kyanwa, na ruwa, ƙarfinsa kashi ɗaya cikin uku na na kare, amma tsofaffin kyanwoyi da yawa ƙodarsu ta riga ta raunana, don haka ba a fara shi sai an gwada jini da fitsari.

Mama Rifkatu: 'Yata da ke Ingila ta ce akwai wata allura da ake yi wa karensu sau ɗaya a wata. Ana samun ta a nan?

Dakta Hauwa: Librela ke nan ta karnuka, ta kyanwa kuma Solensia. Ba dangin meloksikam ba ne, suna tare wani sinadari ne da ke kai saƙon zafi ta jijiya. Turai ta amince da Librela a 2020, Amurka a 2023. Dabbobi da yawa sun samu sauƙi da su, amma a Disamba 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta rubuta wa likitocin dabbobi tana jan hankali kan rahotannin tangaɗi da farfaɗiya da zubar fitsari a wasu karnukan da aka yi wa Librela. Ga tsada, ga shi dole ta zauna a firij ba yankewa. Da irin wutarmu, in wani ya ce zai kawo miki ita a jaka, ki tambayi ta inda ta biyo.

Baban Sadik: To Alhamdulillah. Ni ina Samaru, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello bai yi min nisa ba, zan kai shi. Matsalata ɗaya, ba ya iya hawa bayan mota yanzu, ga shi ba ya yarda a ɗaga shi.

Mama Rifkatu: Ku zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa, mutum biyu su riƙe bakin nan da nan su tallafa, wani ya jingina faffaɗan katako ya taka. Ku ɗaure masa baki da tsumma tukuna, mai ciwo ba ya sanin ubangidansa.

Baba Ɗan Farauta: 'Yata Dakta, saura ni. Ina da wata karya, ita ce jagabar karnukana, duk wanda ya san tawagarmu ya san ta. Bana in mun dawo sai ta kwana biyu ba ta taka ƙafar baya ta hagu, tana ɗan dangwala yatsu kawai. In ta zauna kuma sai ta miƙe ƙafar gefe. Ga rani ya zo, fita ta kama.

Dakta Hauwa: Baba, wannan zaman da ƙafa a gefe da dangwala yatsu ya fi kama da jijiyar cikin gwiwa da ta fara tsinkewa. Ku taɓa cikin gwiwar ta ɓangaren da ke kallon ɗayar ƙafar, ku kwatanta da ta dama, in kun ji ta fi kauri to ta daɗe da shi. Ku duba dasashinta da kunnuwa ma, in ya yi fari ga kaska ga zazzaɓi, cutar kaska tana kumbura gaɓɓai, ita kuma maganinta daban ne. In jijiyar ce, kowace fita ƙara yaga ta take yi, kuma sau da yawa ɗayar gwiwar tana biyo baya saboda ita ke ɗaukar nauyin. Shawarata ta zauna a gida bana, sati shida zuwa takwas ba gudu, sai zagaye da igiya.

Baba Ɗan Farauta: Sati takwas! Ai kafin nan an yi ruwa. Kuma ke ba ki san ta ba, in ta ji ƙaho ta ga an loda sauran a mota aka bar ta, sai ta tsinke igiya.

Dakta Hauwa: To a kai ta gidan wani can nesa tun daren fita, inda ba za ta ji ba.

Baba Ɗan Farauta: Akwai ƙanena a bayan gari, amma matarsa ba ta son kare a tsakar gida. Zan yi masa magana bayan la'asar, in ya so a ɗaure ta wajen turken shanu.